Yadda Ake Koyon Fiyano a Gombe, Tun Daga Saye Har Zuwa Raka Mawaƙi

Mafi yawan fiyanon da ke Gombe na lantarki ne. Shi ake gani a ɗakunan ɗaukar waƙa, da wuraren biki, da majami'u tun daga cikin gari har Billiri da Kaltungo. Wannan na'ura tana da wani hali da ke cutar da mai koyo: tana iya kiɗa da kanta. Ka danna maɓalli ɗaya ganga ta tashi, ka ɗora yatsa ɗaya a hagu gita da bes su biyo baya. Shi ya sa ake samun matashin da ya shekara biyu a kan fiyano, amma ranar da aka kashe kiɗan da ke cikin na'urar aka ce ya raka mawaƙi da hannuwansa biyu, sai abin ya gagare shi. Tsarin da ke ƙasa na watannin farko ne, kuma manufarsa hannunka da kunnenka su iya aikin kafin ka bar na'ura ta taya ka.

Wanda za ka saya

Fiyanon farko, na katako da wayoyin ƙarfe, Bartolomeo Cristofori ne ya ƙera shi a Italiya wajen shekarar 1700. Abin da ya bambanta shi da mafi yawan kayan kiɗa masu maɓallai da suka riga shi shi ne yana jin nauyin hannu. Ka taɓa a hankali ya amsa a hankali, ka buga da ƙarfi ya ɗaga murya. Wannan hali shi ne abu na farko da za ka nema a na lantarki ma. Danna maɓalli ɗaya a hankali, sannan ka sake dannawa da ƙarfi. Idan ƙarar ba ta canza ba, ka tambaya ko an kashe wannan aikin ne a saiti. Idan na'urar ba ta da shi sam, ka bar ta komai araharta, don araha ba ta ado. Wanda ya koya a kan irinta yakan tashi da hannu mai duka ɗaya, kuma gyara shi daga baya ya fi koyarwar farko wuya.

Cikakken fiyano na yau yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. Mai koyo ba sai ya fara da shi ba. Mai maɓallai 61 ya isa shekara biyun farko, irin su Yamaha PSR-E373 ko Casio CT-X700. Mai 49 ya yi kaɗan da zarar hannu biyu sun fara aiki tare. Ƙananan nan masu gajerun maɓallai da ake saya wa yara kayan wasa ne, ba na karatu ba. Manyan Yamaha PSR-S da PSR-SX da ake so a situdiyo suna da daɗin murya, sai dai ba za su ƙara wa yatsunka komai ba a wannan mataki.

Idan na hannu za ka saya, kada ka biya sai an jona shi a gabanka. Bi maɓallan 61 ɗaya bayan ɗaya, kowanne sau biyu, a hankali da ƙarfi. Saurari lasifikar dama da ta hagu ko akwai mai ƙarar tsagewa. Girgiza kan adafta a raminsa ka ga ko wutar tana ɗaukewa. Buɗe gidan batir: farin gari ko kore a kan ƙarafan alama ce batir ya taɓa zuba a ciki. Juya ƙarƙashinsa ka duba takardar da ke ɗauke da sunan samfuri da lambarsa, domin jabu masu kwaikwayon sunayen manyan kamfanoni suna yawo a kasuwa.

Zama da hannu

Tsayar da ƙafar fiyano yadda idan ka ɗora yatsu a kan maɓallai, hannunka daga gwiwa zuwa wuyan hannu zai miƙe daidai, bai karkata sama ko ƙasa ba. Ga babban mutum, wannan yakan zo daidai idan maɓallan suna wajen santimita 70 zuwa 75 daga ƙasa, kujera kuma wajen 48 zuwa 50. Kujerar roba mai hannu ba ta dace ba, tana hana gwiwar hannu motsi. Benci ko kujera marar hannu ta fi. Zauna a rabin gaba na kujerar, tafin ƙafa biyu a ƙasa, kafaɗu a sake. Ɗora fiyano a kan katifa ko a cinya ana zaune a tabarma yana sa wuyan hannu ya karye sama, kuma nan ciwo ke farawa.

Siffar hannu ita ce ta wanda ya riƙe lemo bai matse ba: yatsu a lanƙwashe, wuyan hannu a sake. Da kan yatsa ake dannawa, babban yatsa kuma da gefensa. A yanke farce, domin dogon farce yana tilasta wa yatsa ya kwanta. Yatsu suna da lamba, iri ɗaya a hannu biyu: babban yatsa 1, manuniya 2, na tsakiya 3, na zobe 4, ƙarami 5.

Gane hanya a kan maɓallai

Kada ka rubuta haruffa a kan maɓallai da alƙalami ko ka manna takarda. Ido zai riƙa karanta rubutun, hannu kuma ba zai san wurin ba. Baƙaƙen maɓallai su ne alamar hanya. An jera su biyu, uku, biyu, uku. Farin da ke hagun kowane baƙaƙe biyu shi ne C. Farin da ke hagun kowane baƙaƙe uku shi ne F. Daga C fararen suna tafiya C, D, E, F, G, A, B, sai wani C. A fiyano mai 61 akwai C guda shida, kuma na uku daga hagu shi ne C na tsakiya. A mai 88 shi ne na huɗu. Ka zauna cibiyarka tana kusa da saitinsa.

Aikin kwana ukun farko ke nan: nemo duk C, duk F, sannan sauran, ido a buɗe, daga baya ido a rufe kana lalubar baƙaƙen da yatsa.

Daga kowane maɓalli zuwa na jikinsa, fari ne ko baƙi, rabin taki ne. Biyu daga ciki taki ɗaya. Tsakanin E da F, da tsakanin B da C, babu baƙi, saboda haka rabin taki ne. Baƙin da ke daman F sunansa F shaf, wanda ke hagun B kuma B filat. Jerin do, re, mi, fa, so, la, ti, do da mawaƙan coci suka sani yana bin ma'auni ɗaya ko daga ina aka fara: taki, taki, rabi, taki, taki, taki, rabi. Idan ka fara daga C, fararen kaɗai za ka taka. Daga G sai ka ɗauki F shaf. Daga F sai ka ɗauki B filat. Ka haddace wannan ma'auni, domin da shi za ka gina kowane ki, wato jerin da ke ɗaukar sunan sautin da do ya zauna a kai, cikin goma sha biyun da ke akwai ba tare da tambayar kowa ba.

Yatsu

Makon farko, ɗora yatsu biyar na dama a kan C, D, E, F, G, na hagu kuma a kan irin su can ƙasa, wato ta ɓangaren hagu, ƙaramin yatsa a kan C. Hau ka sauko, hannu ɗaya-ɗaya. Kowane sauti ya riƙe har na gaba ya shigo, babu tsalle a tsakani, babu kuma biyu da ke ƙara lokaci ɗaya. Za ka ga yatsa na 4 ya ƙi ɗaguwa shi kaɗai. Ba lalaci ba ne, jijiyarsa a haɗe take da ta maƙwabtansa. Kada ka tilasta masa ɗagawa sama. Abin da ake so shi ne ya danna daidai, saura su zauna a sake.

Daga mako na biyu sai cikakken jeri daga C zuwa C. Hannun dama 1-2-3-1-2-3-4-5, hannun hagu 5-4-3-2-1-3-2-1. A saukowa sai a juya lambobin. Duk wahalar tana wuri ɗaya, inda babban yatsan dama ke shigewa ƙarƙashin na 3 ya kama F. Masu koyo sukan jira sai lokacin ya yi sannan su fizgi gwiwar hannu waje, sai a ji F ɗin ya fito da ƙarfi ko ya makara. Maganinsa shi ne babban yatsa ya fara tafiya tun da wuri. Da zarar yatsa na 2 ya taka D, shi kuma ya soma shigewa cikin tafin hannu, yadda kafin E ya ƙare ya riga ya iso saman F. Yi E zuwa F kaɗai sau goma kana kallon gwiwar hannunka, kada ta motsa sosai. G yana amfani da lambobin C. F kuwa ya bambanta a dama, 1-2-3-4-1-2-3-4, domin yatsa na 4 ne ke ɗaukar B filat, babban yatsa ba ya hawa baƙi a wannan jeri.

Kusan kowane fiyanon lantarki yana da maɓallin da aka rubuta METRONOME, mai ƙwanƙwasa lokaci. Saita shi a 60, wato bugu 60 a minti, sauti ɗaya a kowane bugu. Idan ka yi sau uku a jere babu kuskure, ƙara 4. Idan ka yi tuntuɓe, rage 8. Mutane da yawa suna ƙin wannan saboda yana nuna musu inda suke gudu da inda suke jan ƙafa, kuma wannan shi ne amfaninsa. Hannu yana haddace abin da aka maimaita masa, daidai ne ko kuskure. Wanda ya buga wuri da sauri sau ashirin yana kuskure a sha biyar, kuskuren ya koya.

Minti 30 kullum ya fi awa huɗu ranar Asabar. Raba shi: minti 5 na yatsu, 10 na kod (sautukan da ake dannawa tare), 10 na waƙar da kake koyo, 5 na kunne. Idan wuyan hannu ko bayan hannu ya fara zafi, tsaya ka duba zamanka, kada ka daure. Ka sayi abin sawa a kunne mai babban kai na milimita 6.35, ko ƙaramin mahaɗi da ke mayar da na waya ya shiga, don ka iya aiki bayan Asuba ko da dare ba ka dami gida da maƙwabta ba. A gidan da ba a saba da kiɗa ba, neman yardar manya tun farko da kashe sauti lokacin kiran salla suna cikin abin da ke sa karatun ya ɗore.

Kod

Kod shi ne sauti uku ko fiye da aka danna tare. Ɗauki C, tsallake ɗaya ka ɗauki E, tsallake ɗaya ka ɗauki G. Ƙirga rabin taki: daga C zuwa E huɗu, daga E zuwa G uku. Duk kod mai huɗu sannan uku mejo ne. Mai uku sannan huɗu, kamar A-C-E, maino ne, muryarsa ta fi sanyi.

Kod huɗu ne ke ɗauke da waƙoƙi masu yawan gaske: na 1, do-mi-so, na 4, fa-la-do, na 5, so-ti-re, na 6, la-do-mi. A ki na C su ne C, F, G da A maino. A G su ne G, C, D da E maino. A F su ne F, B filat, C da D maino. Ka saba kiran su da lamba, ba da harafi ba. Wanda ya san waƙa a matsayin 1, 4, 5, 1 zai iya kai ta kowane ki. Wanda ya san ta a matsayin C, F, G, C ya ɗaure kansa a wuri ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗaga hannu gaba ɗaya a yi tsalle daga kod zuwa kod. Sautin yakan yanke, ido kuma dole ya bi hannu. Sai a sake jera sautukan yadda hannu zai zauna kusan wuri ɗaya. Da hannun dama: C-E-G da yatsu 1-3-5, sai C-F-A da 1-3-5, sai B-D-G da 1-2-5, sai C-E-A da 1-2-5. Lura cewa daga na farko zuwa na biyu babban yatsa bai bar C ba. Ƙa'idar ke nan: sautin da kod biyu suka yi tarayya a kansa a bar shi a wurinsa, saura su matsa zuwa mafi kusa. Yi wannan juyi a gudun 60, kowane kod bugu huɗu, har sai ka iya shi kana kallon bango. Yakan ci mako biyu zuwa uku, kuma bai kamata a tsallake shi ba.

Hannun hagu da farko sauti ɗaya zai riƙe, tushen kod ɗin: C, F, G, A. Daga baya ya ƙara na biyar ɗinsa, C da G, F da C, da yatsu 5 da 1. Kada ka danna cikakken kod mai uku can ƙasa sosai. Sautuka masu kauri idan suka matsu kusa da juna sai su cakuɗe su zama gunji, musamman a lasifikar biki ko ta coci. Idan akwai mai bes a tawagar, hannun hagunka ya rage aiki ya bar masa filin.

Haɗa hannu biyu shi ne inda mutane da yawa ke karaya. Kada a haɗa sai kowane hannu ya iya nasa shi kaɗai ba tunani. Sannan a ɗauki gaɓa biyu kacal (gaɓa ita ce rukunin bugu, kamar bugu huɗun nan na kowane kod), a rage gudu zuwa rabin wanda aka saba, a gane wuraren da hannuwan ke sauka tare da wuraren da ɗaya ke tafiya shi kaɗai.

Feda, abin takawar da ke riƙe sauti, sai bayan juyin kod ya zauna. Diddige a ƙasa. Ana ɗaga ƙafa a daidai lokacin da sabon kod ya sauka, sannan a sake takawa nan take. Wanda ya taka ya bar ƙafarsa zai haɗa kod biyu su dagule. Idan ka ga fedar tana aiki a juye, tana riƙe sauti in ba a taka ba, galibi an kunna fiyanon ne ƙafa tana kai, ko an jona ta bayan an kunna. Kashe, jona, cire ƙafa, sake kunnawa.

Kiɗanmu da kunnenmu

Littattafan koyon fiyano da bidiyoyin intanet mafi yawa an shirya su ne don waƙoƙin Turai, kuma akwai abubuwa biyu da ba sa ba su muhimmancin da suke da shi a nan.

Na farko ƙirgen lokaci. Ban da mai huɗu da kowa ya sani, kiɗan ganga da kalangu yana yawan tafiya a kan shida, kuma sau da yawa ana jin biyu da uku suna tafiya a lokaci guda. Rufe fiyano ka koyi wannan a kan cinyarka. Ƙirga 1 zuwa 6 da baki. Hannun hagu ya bugi 1 da 4. Hannun dama ya bugi 1, 3 da 5. Abin da zai fito shi ne: tare, dama, hagu, dama. Idan ya zauna, musanya hannuwan. Sannan ka kai shi kan maɓallai, hagu yana riƙe tushe, dama yana buga kod. Mai fiyanon da bai mallaki wannan ba zai riƙa jan makaɗa baya ko ya tsere musu, ko da kod ɗinsa duk daidai ne.

Na biyu yawan sautuka. Waƙoƙin Hausa da dama, na gargajiya da na zamani, a kan sauti biyar suke tafiya, ba bakwai ba. Gwada da baƙaƙen maɓallai kaɗai: su biyar ne a kowane zango, wato daga C zuwa C na gaba, kuma za ka ji karin da kunnenka ya sani tun kana yaro yana fitowa. A fararen, irin wannan jeri shi ne C, D, E, G, A, wato do, re, mi, so, la, babu fa babu ti. Idan waƙar ta fi zama a kan A, jerin ya koma A, C, D, E, G. Abin lura ga mai rakiya shi ne, idan waƙar ba ta taɓa fa da ti, cusa mata cikakken kod na 4 da na 5 a kowace gaɓa yakan sauya mata kama. A irin wannan wuri tushe da na biyar kaɗai a hannun hagu, A da E, ko G da D, sun fi yi mata kyau, hannun dama kuma ya riƙa amsa wa mawaƙi da gajerun jimloli idan ya numfasa, yadda 'yan amshi ke yi. Kuma tunda Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar waƙa sukan bi hawa da saukar kalmomi. Idan kana neman karin wani baiti, faɗe shi da baki a hankali tukuna, ka ji inda murya ta hau da inda ta sauka, sannan ka nema a maɓallai.

Gano ki ɗin mawaƙi kuwa haka ake yi. Saurari ƙarshen baiti ko ƙarshen amshi, inda waƙar ke sauka ta huta. Riƙe wannan sauti da gunaguni a maƙogwaro. Rage ƙarar fiyano, ka bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya, farare da baƙaƙe, har ka sami wanda ya narke cikin muryarka. Idan kun yi kusa amma ba ku haɗu ba, za ka ji sautukan biyu suna karo, sai ka matsa rabin taki sama ko ƙasa. Wanda ka samu shi ne gidan waƙar. Gwada kod mejo a kansa, sannan maino, kunne zai zaɓa. Minti biyar kullum da waƙoƙin da ke wayarka, cikin 'yan watanni za ka riƙa kamawa kafin baitin farko ya ƙare.

Wannan ya kawo mu ga maɓallin TRANSPOSE, wanda ke ɗaga ko sauke muryar fiyano gaba ɗaya da rabin taki-rabin taki, hannu yana nan a C. Yana da ranarsa, misali mawaƙiya ta canza ki ana tsakiyar hidima. Amma wanda ya mayar da shi abin dogaro zai shekara biyar ki ɗaya ya sani, kuma ranar da ya zauna gaban fiyanon katako babu wannan maɓalli. Shawararmu ita ce a ƙara sabon ki ɗaya kowane wata: C, G, F, D, B filat, a ci gaba. Haka kiɗan rakiya na STYLE. A jinkirta shi har wata na huɗu, kuma idan an fara, a danna cikakken kod da yatsu uku a ɓangaren hagu maimakon gajeriyar hanyar yatsa ɗaya, a saita gudun da kanka, a kuma koyi shiga da fita da maɓallan buɗewa da rufewa.

Karatun rubutaccen kiɗa yana da amfani ga mai son waƙoƙin littafi ko jarrabawa. A kan layuka biyar ake rubuta kiɗan kowane hannu: na hannun dama daga ƙasa su ne E, G, B, D, F, na hagu G, B, D, F, A. Ƙungiyar MUSON da ke Legas tana shirya jarrabawa mataki-mataki ga mai son takardar shaida. Minti biyar a rana sun isa a farko.

Idan kai ne malamin

Yaro ɗan shekara shida ko bakwai zai iya farawa, amma darasinsa kada ya wuce minti 15 zuwa 20. A sa masa matashi a kujera, a kuma ajiye abin taka ƙafa don kada ƙafafun su yi lilo. Sabon abu ɗaya a kowane darasi. Ka sa shi ya rera do, re, mi da bakinsa kafin ya taɓa, ya tafa ƙirgen kafin ya buga. Kada ka tilasta wa ƙaramin hannu miƙewa daga C zuwa C, sauti biyu sun ishe shi. Idan ya yi kuskure, kada ka kama yatsansa ka ɗora masa. Buga daidai ɗin, ka tambaye shi ya ji bambanci, ka bar shi ya nemo. Tsawa da bulala suna sandarar da hannu, hannun da ya sandare kuwa ba ya kiɗa. Ka rubuta wa iyaye aikin mako a takarda a sarari: wace gaɓa, wane hannu, sau nawa, a wane gudu. Babban mutum yana saurin fahimta amma yana saurin jin kunya, don haka a ba shi waƙar da yake so tun a watan farko, ko da da yatsa biyar ne.

Wuta, ƙura da zafi

Abin da ya fi kashe fiyano a nan adafta ne da ba nasa ba. Karanta abin da aka rubuta kusa da ramin wuta. Ƙananan Yamaha irin PSR-E373 bolt 12 suke ci, manyan PSR-S kuma 16. Ban da bolt, akwai ɗan zane mai alamar ƙari da ragi da ke nuna wanne ne a tsakiyar kan adafta. Tsofaffin Casio masu bolt 9 ragi ne a tsakiyarsu, akasin Yamaha, saboda haka shigar kai cikin rami ba ya nufin ya dace. Kada a tayar da janareta fiyano yana jone. A bari injin ya daidaita tukuna, a kuma zare kafin a kashe shi ko a juya layi. Da an ɗauke wuta a zare filogi, domin dawowarta ce ke ƙona kaya. Sitabilaiza ƙarama tana da amfani. Ƙananan samfura suna aiki da batir AA guda shida, amma a cire su idan za a yi mako biyu ba a taɓa ba.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. A ƙarƙashin maɓallai akwai layin roba mai ɗigon baƙin gawayi da ke taɓa allon lantarki. A fiyano mai jin nauyin hannu kowane maɓalli yana da ɗigo biyu, kuma na'urar tana auna ƙarfin bugu ne da tazarar lokacin da ke tsakanin taɓawar na farko da na biyu. Idan ƙura ta hau ɗaya, sai maɓallin ya riƙa ƙara da iyakar ƙarfinsa ko ya yi shiru. Ba lalacewa ya yi ba. Mai gyaran rediyo mai natsuwa zai buɗe, ya ɗaga robar, ya goge da auduga da sifirit na goge kayan lantarki, ya bari ya bushe. Kada a fesa mai, turare ko maganin sauro tsakanin maɓallai. Idan kuwa maɓallai da yawa ne suka mutu a tazara iri ɗaya, misali kowane na shida ko na takwas, matsalar waya ce ko allo, ba ƙura ba. A ɗinka masa murfin yadi mai kauri a rufe shi kullum, a goge maɓallai da tsumma mai ɗan danshi. Cin abinci a kansa yana jawo kyankyasai da ɓera, su kuma suna cin wayoyi. A zafin Maris da Afrilu kada a bar shi a cikin mota ko jikin tagar da rana ke duka, roba tana lanƙwashewa, allon rubutu yana baƙi.

Makaranta ko majami'ar da ke da fiyanon katako tana da wani aikin daban. Yana ɗauke da wayoyi sama da 200 a ɗaure tamau, katakon da ke fitar da muryarsa kuma yana kumbura da damina ya tsuke da rani, shi ya sa sautinsa ke gocewa. A ajiye shi jikin bangon ciki, nesa da taga da ƙofa, a kira mai saiti sau biyu a shekara, 'yan makonni bayan damina ta kankama da kuma bayan hunturu ya shigo, ya daidaita A na farko da ke daman C na tsakiya a kan girgiza 440 a daƙiƙa.